Darasi ne ko yawo? Nauyin da ke wuyan malamin tuƙin jirgi

A Amurka, makarantun koyon tuƙin jirgin sama suna jawo sababbin ɗalibai da wani ɗan gajeren tashi na ɗanɗano. Mutum ya biya kuɗi kaɗan, a zaunar da shi a kujerar hagu ta ƙaramin jirgi irin Cessna 172, malami yana dama, a ɗan zaga sama, a bar shi ya riƙe sitiyari. Ga baƙon, nishaɗi ne. Ga malamin kuwa, akwai tambayar da doka ke jira ya amsa tun kafin ya kunna inji: koyarwa yake yi, ko ɗaukar fasinja?

Hukumar FAA mai kula da sufurin sama ta raba biyun sarai. Sashe na 119 na dokokinta ya ware koyar da ɗalibi daga buƙatar lasisin kamfanin jigila, domin a ganinta kuɗin koyarwa ake biyan malami, ba na tuƙi ba. Shi ya sa takardar lafiya mai daraja ta uku ta ishe shi. Amma da zarar tashin ya zama na kallon gari, sai sashe na 91.147 ya shigo: takardar izini daga hukumar, tsarin gwajin ƙwaya da barasa, kada a wuce mil 25 daga filin, kuma a sauka inda aka tashi. Matuƙin ma sai ya riƙe takardar lafiya mai daraja ta biyu.

A nan ne wasu ke wayo. Su yi tallar yawon ganin faɗuwar rana ga masoya, su cika kujerun baya, sannan su laƙaba masa sunan darasi. A ganina wannan wayon banza ne, don mai bincike ba suna yake dubawa ba. Zai tambaya: an yi bayani a ƙasa kafin tashi? Baƙon ya taɓa sitiyari? Malamin ya rubuta darasin ya sa hannu a littafin ɗalibin, kamar yadda sashe na 61.189 ya wajabta? In kuma malamin ne ya kawo jirgin, an yi masa binciken da ake yi duk bayan sa'a 100?

Ko da darasin na gaskiya ne, alhakin ba ya raguwa. Wanda bai taɓa tuƙi ba, ba ya ɗaukar laifi. Malami ne shugaban jirgi a idon doka. A ranar 11 ga Afrilu, 1996, Jessica Dubroff, yarinya 'yar shekara 7 da ke neman ratsa Amurka a jirgi, ta rasu tare da mahaifinta da malaminta jim kaɗan bayan tashi daga Cheyenne a jihar Wyoming. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ɗora abin a kan shawarar malamin ta tashi cikin mummunan yanayi da jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Takardar yafe haƙƙi da ake ba baƙo ya sa wa hannu fa? Tana da amfani, amma ba laya ba ce. Kotunan Virginia da dokar Louisiana ba sa amincewa da yafe diyyar rauni tun kafin ya faru, a wasu jihohi sa hannun uba ba ya ɗaure ɗansa ƙarami, kuma kusan ko'ina ba ta kare ganganci.

Inshora ce wurin da ƙananan malamai suka fi faɗawa rami. Sukan ɗauka inshorar makaranta ta rufe su, alhali wani lokaci makarantar kaɗai ta rufe. Kamfanin inshorar ya biya ɓarnar jirgi, ya juyo ya nemi kuɗinsa a hannun malamin. Masu hankali kan nemi ganin sunansu a takardar inshorar, ko su sayi tasu ta daban. Lamarin ya ƙara tsanani tun 1994, lokacin da majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye, kai ƙarar masu ƙera ƙananan jirage bayan shekara 18 da sayar da su. Da yawa daga cikin jiragen koyo sun haura waɗannan shekarun, don haka lauyan iyalan mamaci kan tsallake kamfanin da ya ƙera jirgin, ya nufi makaranta da makanike da malamin da ke kujerar dama.