Kafin Ka Ɗora Babban Jirgi a Kan Ƙaramar Tirela

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, yau maganarmu ta bar farashin gero da dawa, ta koma kan ƙarfen da ke ɗaukar jirgin da ke ɗauko mana su. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya yi faɗi daga can har wajen Yauri, hatsi da kifi da albasa da yawa kuwa ta jirgi suke isa kasuwa. To ciniki in ya buɗe, mutum yakan sayar da ƙaramin jirginsa ya sayi babba, amma tirelar da yake jan jirgin da ita a bayan mota sai ya ce a bar ta, mai walda ya ɗan ƙara mata tsawo. A nan asara take shigowa.

Na ga wannan da idona. Wani abokin cinikina ya sa aka ƙara wa tirelarsa ƙafa uku a wuya, aka ɗora sabon jirgi. Ba su yi nisa ba ta fara kaɗa gindi kamar wutsiyar kifi, taya ɗaya ta fashe, jirgi ya zame ya tsage. Kasuwa huɗu ya yi bai ƙetare ruwa ba, wanda ya yi masa dillancin aikin kuwa har yau ba su gaisawa sosai. Araha ba ta ado.

Abu na farko shi ne awo, ba walda ba. Tirelar kamfani tana da ɗan allon ƙarfe a wuyanta, an buga iyakar nauyin da za ta iya, kuma yawanci har da nauyin ita kanta a ciki. Mu yi misali. A ce allon ya nuna kilo 1,000, ita tirela kilo 250 ce, watau kilo 750 ke nan rabon kaya, buhu bakwai da rabi. Sabon jirgi kilo 600, injin doki 40 wajen kilo 75, fetur lita 100 shi ma wajen kilo 75, igiyoyi da tarkace kilo 50. Jimla 800. Ka ga an wuce da rabin buhu tun ba a tashi ba. In jirgin katako ne kuwa, a tuna yakan sha ruwa ya ƙara nauyi. Kada a yi kintace. A je sikelin da ake auna manyan motoci. Ƙarin tsawo ba ya ƙara ƙarfi. In nauyi ya wuce, sai dai a canja gatari da sifirin da tayoyi gaba ɗaya, a kuma duba ko ƙashin tirelar zai iya. Sau da yawa in an yi lissafin wannan, sayen wata tirela ya fi sauƙi.

Na biyu, tayoyi. A jikin kowace taya akwai lamba bayan lambar girma, ita ke faɗin nauyin da take ɗauka. Lamba 80 kilo 450 ne, 90 kilo 600, 100 kilo 800. Taya biyu masu 80 ba za su ɗauki kilo 1,050 na misalinmu ba. Tayar da ta daɗe a rana ta tsattsage a gefe, ko da zanenta bai cinye ba, a jefar da ita.

Na uku, wurin da jirgi zai kwanta. Gindin jirgi, inda inji ke rataye, nan ne nauyi ya taru. Katakon da jirgi ke kwance a kai lalle ya kai har ƙarƙashin wannan wuri, ko ya ɗan wuce da inci ɗaya ko biyu. In gindin ya yi reto a iska, kowane rami na hanya dukansa yake, har ya lanƙwashe ko ya tsage. Saboda haka ake matsar da sandar da goshin jirgi ke dafawa zuwa gaba, in wuri bai isa ba sa'an nan a ƙara wuya. Wajen ƙarin nan, wuya sabo ɗungurungum mai kauri ya fi a haɗa guntu biyu baki da baki. In dole sai an haɗa, a zura wani ƙarfe a ciki ya shiga kowane ɓangare sosai, a ɗaure da noti, kana a yi walda.

Na huɗu, shi ne wanda ya kayar da abokina: nauyin da wuya ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Ana so ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukan nauyi. A misalinmu, tsakanin kilo 50 da 100 ke nan. Sikelinmu na buhu ya isa wannan aiki: a sa shi ƙarƙashin wuya, a tokare da itace daidai tsayin ƙugiya, a karanta. In ya yi sauƙi, tirela za ta yi ta kaɗawa in an yi gudu, sai a matsar da gatari baya. In ya yi yawa, gaban mota zai ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, sai a matsar da gatari gaba. Kaɗan-kaɗan ake yi, ana sake aunawa.

Sauran su ne birki da ɗauri. A Ingila doka ta ce tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, dalili kuwa birkin mota kaɗai ba ya tsai da irin wannan kaya a gangara. A sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuya, don in ƙugiya ta kuɓuce su tare shi. A ɗaure goshi, a ɗaure gindi hagu da dama, a kwashe ruwan da ke cikin jirgi, don lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kada a mai da jirgi rumbu a jibga masa buhuna yana kan tirela. In an isa bakin ruwa a bar boris ya huce kafin a tsoma shi, don in yana da zafi yakan zuƙi ruwa, giris ya lalace.

Kai kuma dillali, in za ka shiga tsakani a cinikin tsohuwar tirela, tambayi nauyin jirgin mai saye kafin ka tambayi kuɗinsa. La'adar yini ɗaya ba ta kai amana ba. Bayan an gama gyara a gwada ta a hankali kusa da gida, a tsaya a taɓa boris da taya a ji zafinsu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.