Esperanto: Harshen da Likitan Ido Ya Tsara

A tashar motar Jambutu da ke Jimeta, kafin mota ta cika sai ka ji Fulatanci, Bachama, Chamba, Kilba da Margi. Da an zo maganar kuɗin mota kuwa, kowa ya koma Hausa. A Bialystok, garin da yau yake ƙasar Poland, L. L. Zamenhof ya tashi cikin irin wannan cakuɗa, tsakanin Yahudawa, Rashawa, Jamusawa da 'yan Poland, sai dai su zaman doya da manja suke yi. Ya ɗora laifin a kan rashin harshen da zai haɗa su. A 1887, yana likitan ido a Warsaw, ya buga ɗan littafin harshen da ya tsara, wanda ake kira Esperanto.

Ginshiƙin nahawunsa ƙa'idoji 16 ne. Kowane suna da -o yake ƙarewa, sifa da -a. Jam'i kuwa -j ake liƙawa, a furta shi kamar "y": domo gida, domoj gidaje. Aikatau yana ɗaukar -as ga abin da ake yi, -is ga wanda aka yi, -os ga wanda za a yi, babu togaciya. Wanda ya taɓa fama da baƙo kan cewa jam'in kare karnuka ne amma na mutum mutane, ko ya koyi Fulatanci da girma ya ga nagge ta koma na'i, Pullo ya koma Fulɓe, zai ɗauki wannan wasan yara ne. Abin da ke yi wa sabon shiga tuntuɓe shi ne -n da ake ƙara wa karɓau, don mantuwarsa ba wuya.

Matsalar tana wajen kalmomi, domin kusan dukkansu daga harsunan Turai aka ɗebo su. Ɗalibin Yola da ya iya Ingilishi, ko ɗan kasuwar da ya tsinci Faransanci a hanyar Garwa, zai gane da yawa tun ranar farko. Wanda bai san ko ɗaya ba, hadda ce zai yi daga tushe. A ganina, a nan iƙirarin cewa harshen na kowa ne ya yi rauni.

'Yan Afirka ma sun gwada nasu. Alex Igbineweka, mutumin Edo, ya fara Guosa a 1965, yana tsinto kalmomi daga Hausa, Yarbanci, Ibo da sauransu. A Ghana kuma Kumi Attobrah ya fito da Afrihili a 1970. Ba wanda ya yaɗu kamar Esperanto, wanda tun 2015 yake da darussa a manhajar Duolingo. Su ma darussan, sai mai jin Ingilishi da kuɗin data.