Tsiro: Sirrin da Ke Tsakanin Kunun Zaƙi, Lemon Malt da Giya

A manyan kantunan Nassarawa GRA da ke Kano, da wuraren walima da liyafar biki na wannan unguwa, da wuya a rasa abin sha iri biyu: kunun zaƙi da aka ɗura a robobi, da lemon malt na kwalba ko na gwangwani. Mafi yawan masu sha suna ɗaukar na farko a matsayin gadon kaka da kakanni, na biyu kuma a matsayin baƙon da Turawa suka kawo, alhali kuwa uwa ɗaya ce ta haife su, wato tsiro, kuma ita ce dai ta haifi giya, wadda Musulunci ya haramta. Sanin yadda abubuwan nan uku suka haɗu, da inda suka rabu, ilimi ne da ke da amfani ga mai dama kunu da mai saye baki ɗaya.

Tsiro shi ne hatsin da aka jiƙa, aka shimfiɗa shi a inuwa aka lulluɓe har ya fara fitar da saiwa, sannan aka shanya shi don a tsayar da girmansa. Shi ne kuma abin da ake kira malt a harshen masana'antu. Ƙwayar dawa ko gero ko sha'ir cike take da sitaci, wato garin da Allah ya tanadar wa ɗan tsiron a matsayin guzuri, sai dai sitaci ba shi da zaƙi, kuma ɗan tsiron ba ya iya amfani da shi sai an narkar masa. Da zarar danshi ya shiga ƙwayar, sai ta farka ta samar da wani sinadari da masana ke kira amiles, wanda aikinsa shi ne daddatsa sitaci ya mai da shi sukari. Wannan ne dalilin da ya sa mai kunun zaƙi take raba gasararta biyu, ta dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, ta bari ya huce kaɗan, sannan ta zuba ɗanyen kason da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali. Zafin farko yana buɗe sitacin, hucewar tana hana sinadarin mutuwa, kuma bayan 'yan sa'o'i sai kunun ya tsinke ya yi zaƙi tun kafin a sa masa sukari. Matan Hausa sun daɗe suna aiki da wannan hikima kafin a ba ta suna a ɗakin bincike.

Daga wannan ruwa mai zaƙi ne hanya ta rabu. In an sha shi da wuri, abinci ne. In an tafasa shi an rufe a kwalba yadda babu wata halitta da za ta rayu a ciki, ya zama lemon malt. In kuwa aka bar yis ya shige shi, to labari ya canza. Yis wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani, wadda ke cin sukari tana fitar da iska da barasa, kuma masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa wannan aiki na halitta mai rai ne. Burkutu da fito, waɗanda aka sani a wajen Maguzawa da wasu al'ummomin tsakiyar Nijeriya, ta wannan hanya ake samun su daga tsiron dawa.

A Turai kuwa, inda sha'ir ya fi dawa yawa, an bi hanyar sanyi. A 1842 wani Bajamushe mai suna Josef Groll ya dafa wata giya garau mai launin zinariya a garin Filzen na ƙasar Cek ta yau, kuma wannan salo da ake kira laga, daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiya, ya bazu zuwa maƙwabta.  Halin wannan giya ya samo asali ne daga abubuwa uku: tsiron sha'ir da aka busar a wuta mai sauƙi don kada ya yi duhu, da yis mai aiki a cikin sanyi yana kwantawa a ƙasan tukunya, da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hof, mai ba da ɗaci da ƙamshi. Ana ajiye ta makonni a wuri mai tsananin sanyi har ta kwanta ta tace, kuma barasar da ke cikinta takan kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, wanda ya isa ya bugar.

Wannan salo ne ya iso Nijeriya lokacin da kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, ya fitar da kwalbarsa ta farko a Legas a 1949, ya kuma buɗe reshe a Kaduna a 1963. A 1976 kamfanin ya fito da Maltina, wadda take ruwan tsiro ne da ba a bari yis ya taɓa shi ba, kuma irin wannan lemo ya samu karɓuwa a Arewa fiye da yadda giya za ta taɓa samu. Sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antu suka koma ga dawa, ciki har da irin gajeriyar ƙaura mai lamba SK5912 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta inganta. Dawa ba ta da sauƙin kai kamar sha'ir, domin sitacinta yana bukatar zafin da ya fi ƙarfin sinadarin da zai narkar da shi, don haka sai injiniyoyi suka koma ga dabarar raba dahuwa biyu, wadda ba ta da nisa da ta mai kunu. Akwai kuma guba a saiwa da tohon dawa, irin wadda ta sa makiyaya ke kore dabbobinsu daga gyauro, shi ya sa ake murje tsiron a sheƙe bayan ya bushe. Ta haka ne buhunan dawar da ake lodi a kasuwar Dawanau suke iya dawowa Kano a cikin gwangwani, da tsadar da manomin bai taɓa ganin irinta ba.

Shari'a ba ta ɗora hukunci a kan hatsi ko sunan abin sha ba, a kan maye ta ɗora shi. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abu Musa al-Ash'ari ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abin shan mutanen Yaman da ake yi da zuma da kuma wanda ake yi da hatsi, sai aka mayar da amsar ga bugarwa. A kan wannan tushe ne Jihar Kano, wadda ta ƙaddamar da shari'a a 2000 ta kuma kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, take hana cinikin giya ba tare da ta taɓa kunu ko lemon malt ba.

Abin lura ga magidanta shi ne, yis ba ya jiran a gayyace shi, domin yana nan a iska da jikin hatsi da ƙwaryar da ba a wanke da kyau ba. Kunun da ya wuni ya kwana a zafin bazara yakan fara da tsami, wanda aikin wasu ƙwayoyin halitta ne dabam kuma ba ya bugarwa, amma in ya ƙara daɗewa sai robar ta kumbura, ta yi huci in an buɗe, kumfa ta taso, wari ya sauya. Wannan alama ce ta cewa yis ya kama aiki, kuma zubar da shi ya fi. Firji yana jinkirta wannan sauyi, sai dai a garin da wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa, hanyar da ta fi aminci ita ce ta iyayen da: a dama daidai sha, a sha a ranar.