Shin Ko Kun San? Da Ba A Tsufa, Wa Zai Hau Saman Tirela?

Shin ko kun san magajin garin Inugu na farko Bafulatani ne mai fataucin shanu? Malam Umaru Altine ke nan, mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, wanda aka zaɓa a shekarun 1950. Kasada ce ta kai shi Kudu, ita ce kuma har gobe take ɗora samari a kan katakon saman tirela, su bi shanu zuwa karar Lokpanta ko mahautan Fatakwal.

Shin ko kun san da za a kawar da tsufa da ciwo, a bar haɗari kaɗai, lissafin wannan tafiya sai ya juye? Mu ƙaddara, a misali kawai, cikin kowace tafiya 10,000 ɗaya ke cin rai. Wanda ke lodi duk mako tsawon shekara 30, haɗarinsa kusan kashi 14 ne cikin 100. In ya shekara 200 yana yi, ya kai kusan kashi 65. Hanyar ba ta ƙara lalacewa ba, yawan binta ne. Ajali na Allah ne, amma ina jin da wuya a samu karen mota a irin wannan duniya.

Shin ko kun san tsuntsaye sun riga mu yin wannan lissafi? A 2001 masana Ghalambor da Martin sun kwatanta tsuntsayen Arizona da na Ajantina. Masu tsawon rai, in haɗari ya tunkaro, kansu suke fara tsarewa, don akwai wata shekarar ƙyanƙyasa. Masu gajeren kwana kuwa 'ya'yansu suke fifitawa.

Ta ɓangaren jari abin ya sha bamban. Mai shekaru ɗaruruwa a gabansa me zai sa ya ji tsoron karaya? In da rai da rabo. Ko da ɗan wannan rai namu, 'yan Arewa da rikicin Fabrairun 2006 ya kora daga Anaca, wasunsu sun koma garin sun sake kasa albasa da tumatir.

Shin ko kun san Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122, sai da ta kai 117 kafin ta daina shan taba? Ashe ba kullum tsawon rai ke hana kasada ba.