Cizon Kare a Birtaniya: Wa Ke Biyan Diyya?

Yau shirin zai leƙa Birtaniya, inda wani irin kare da ake kira XL Bully ya sa gwamnati ta ƙara tsaurara doka, masu shi kuma suka bazama neman inshora ido rufe.

Kare ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji da ƙaton kai, wani har yakan kai nauyin babban mutum. A watan Satumba na 2023, ɗaya daga cikinsu ya raunata yarinya 'yar shekara 11 a Birmingham, ba a jima ba wasu biyu suka kashe wani mutum a ƙauyen Stonnall. Nan take Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya ce za a sa shi cikin jerin karnukan da dokar 1991 ta haramta, irin su Pit Bull da Tosa na Japan.

Daga ranar 1 ga Fabrairun 2024, ajiye XL Bully a Ingila da Wales ya zama laifi, sai ga mai takardar izini. Sharuɗɗan da aka gindaya a lokacin ba wasa ba ne: a biya fam 92 da 'yan kai, a dandaƙe karen, a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, in za a fita da shi kuma sai da igiya da takunkumi. Sharaɗi na ƙarshe a lokacin shi ne inshorar da za ta biya duk wanda karen ya cutar. Gwamnati ta yi zaton karnukan ba su wuce dubu 10 ba, sai ga fiye da dubu 50 an kawo rajista.

A nan gizo ke saƙar. Kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar karen da doka ta haramta, don cizo ɗaya na iya jawo musu diyya mai nauyi. Sai jama'a suka yi ca a kan ƙungiyar kula da karnuka ta Dogs Trust, wadda a lokacin take ba membobinta inshora ta har fam miliyan ɗaya, a kan fam 25 kacal a shekara.

To, me ya sa inshorar ta zama dole haka? A dokar dabbobi ta 1971, mai kare da ya san halin karensa na cizo shi ke ɗauke da alhakin ɓarnar, ko da bai yi sakaci ba. A 2014 kuma aka gyara dokar 1991, aka ƙara hukuncin mai karen da ya kai wa mutum hari: ɗaurin da zai kai shekara 14 idan an rasa rai, shekara 5 idan rauni ne. Gyaran ya shafi har abin da ya faru a cikin gida, bayan doguwar fafutukar ma'aikatan gidan waya, waɗanda karnuka ke yawan cizo a bakin ƙofa.

Amma ɗaure mai kare ba ya biyan asarar wanda aka ciza. Idan karen ba shi da rajista, galibi ba shi da inshora, sai dai a kai mai shi kotu, in kuwa ba shi da komai, shari'ar ba za ta haifar da ko sisi ba. Asusun gwamnati na biyan waɗanda aka yi wa ta'adi ma ba ya biyan cizon kare, sai in da gangan aka cuna wa mutum shi.

Kwana biyu da fara aikin haramcin XL Bully, karnuka biyu irinsa marasa rajista suka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 68 a cikin wani gida a Jaywick, yankin Essex, kuma an gurfanar da wani mutum a gaban kotu kan lamarin.