Gobarar 1666 da yadda ake koyar da waƙoƙin 'yan Furitan

'Yan Furitan Kiristoci ne daga Ingila da suke ganin cocin ƙasarsu bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba. Da aka matsa musu, wasunsu suka haye teku. A 1630 jirgin ruwa mai suna Arbella ya sauke ayarinsu a Massachusetts, cikinsu har da wata amarya 'yar shekara 18, Anne Bradstreet. Mahaifinta da mijinta duk sun yi gwamna a wannan sabon mazauni, amma ita aka fi tunawa. A 1650 aka buga waƙoƙinta a Landan, kuma yau da ita ake buɗe darasin adabin Amurka a jami'o'i da dama.

Matsalar da malami ke fuskanta ita ce ɗalibai na ɗaukar waɗannan waƙoƙi a matsayin wa'azi kawai. Suna da ɗan uzuri. Waƙar da ta fi kasuwa a zamanin, wadda Michael Wigglesworth ya fitar a 1662 a kan ranar hisabi, tsoratarwa ce tsantsa, har jarirai ba ta ba su tabbacin tsira ba. Aƙidar 'yan Furitan ce ta kawo haka: Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai ceta, kuma ba mai tabbacin yana cikinsu. Kowace masifa kuwa saƙo ce da dole mutum ya karanta.

Sai dai Bradstreet ba a nan ta tsaya ba. Ranar 10 ga Yulin 1666 gobara ta cinye gidanta a Andover cikin dare. A waƙar da ta rubuta, ta fara da miƙa wuya, cewa dukiyar ta Allah ce, ya karɓi abinsa. Da wa'azi take yi, da maganar ta ƙare. Amma sai ta koma kan kufan gidan tana nuna inda akwatinta yake a da, da teburin da baƙi ba za su sake ci a kai ba. Bayan ta gama lissafin hasara ne ta tsawata wa zuciyarta, ta tuna mata da gidan lahira. A ganina nan ne malami ya kamata ya tsayar da aji, ya tambaya: me ya mayar da ita cikin tokar bayan ta ce ta haƙura?

Haka marsiyoyinta na jikoki uku da ta rasa tsakanin 1665 da 1669, ɗayansu bai wuce wata ɗaya da kwana ɗaya a duniya ba. Tana faɗin abin da addininta ya umarce ta, amma mai karatu na jin yadda maganar ke fita da ƙyar. Edward Taylor, limamin cocin Westfield, shi ma ya rubuta a kan mutuwar 'ya'yansa, sai dai bai buga yawancin waƙoƙinsa ba. Sai a 1937 aka gano su a ɗakin karatu na jami'ar Yale.

Ɗalibin Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya zauna zaman makoki, ya ga uwa tana amsa "sai haƙuri" da "Allah ya ba da lada" idonta cike da hawaye. Yana kuma da Nana Asma'u, wadda ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiya bayan rasuwarsa a 1837. Kwatanta ta da Bradstreet zai yi amfani, muddin ba a shafe bambancin aƙida ba, domin fargabar zaɓin Allah da ke damun 'yan Furitan tasu ce daban.

Don haka malamai, kada ku fara da jerin shekaru da sunayen gwamnoni. Ku sa a karanta waƙar gobarar da ƙarfi a aji, sannan ku bar ɗalibai su yi gardama a kan ko matar nan ta haƙura da gaske.