Ƙaho da ciwon da ya daɗe: nazari a kan aikin wanzami a ƙasar Gidan Sori

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce bayyana yadda ake yin ƙaho domin maganin ciwon baya, ciwon ƙugu da ɗaurewar jijiyoyin wuya da kafaɗa a yankin Gidan Sori, da ma'anar da jama'a suke ba shi, sa'an nan da abin da binciken likitanci ya samu a kansa. Gidan Sori ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gidan Runji, cikin jahar Maradi, watau a ƙasar Gobir wadda fadarta take Tsibiri tun wajen 1836. Abin da za mu faɗa ya shafi ƙauyukan gundumomin Agye da Gazawa ma, don sana'ar ɗaya ce, kayan aikin ma ɗaya.

Idan muka ce ciwon da ya daɗe, muna nufin wanda ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, kamar yadda likitoci suka iyakance shi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya a duniya, kuma babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aiki. A ƙasar da namiji yake wuni duƙe a kan hauya tun daga shuka har maimai, mace kuma tana jan ruwa, tana daka, tana ɗauko itace da goyo a bayanta, ba sai an yi dogon bayani ba. Magidancin da ƙugunsa ya riƙe a tsakiyar damina, abincin shekara ne yake neman kuɓuce masa.

2. Wanzami da kayan aikinsa

Ƙaho ɗaya ne daga cikin ayyukan wanzami, tare da aski, kaciya, tsagar gado, cire beli da sakiya. Sana'a ce ta gado, tana kuma da shugabanta, Sarkin Aska. Masana harshe da dama suna danganta kalmar wanzami da kalmar Larabci hajjam, mai yin hijama, kuma Zabarmawa ma wanzam suke cewa. In haka ne, da ƙaho aka raɗa wa sana'ar suna, aski daga baya ya bi.

Ita kalmar ƙaho ta haɗa kayan aiki da aikin kansa: ana kafa ƙaho, ana kuma yin ƙaho. Ƙarshen ƙahon saniya ne ake yankewa, a rarake cikinsa, a goge bakinsa don kada ya ji wa fata ciwo, a huda tsininsa. Wanzami yakan jiƙa wurin da ruwa, ya aske gashi in akwai, ya kafa ƙahon, ya zuƙe iskar ciki da bakinsa, ya toshe hudar da ɗan kaki ko danƙo. Fata sai ta kumbura ta shige ciki. Bayan ɗan lokaci ya cire, ya yi ƴan tsage marasa zurfi da aska a kan wurin da ya tasa, ya mai da ƙahon, ya sake zuƙa. Jini yana taruwa a ciki, a juye shi a ƙasa ko a cikin wani kasko, a maimaita har wanzami ya ga ya isa. Galibi da safe ake yi, a zaure ko a rumfar wanzamai ran kasuwa, kuma akan jera ƙahoni da dama a gadon baya ko a ƙugu.

Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Marubucin nan na Rumawa, Selsus, a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya siffanta kofi iri biyu, na tagulla da na ƙaho, ya ce na ƙaho yana da huda a tsini, da baki ake zuƙarsa, da kaki ake toshe shi. Wanda ya taɓa zama a rumfar wanzami zai gane siffar nan take. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, duk sun yi bayanin hijama dalla-dalla. A Faransa kuwa kofunan gilashi da ake kira ventouses sun kai har tsakiyar ƙarni na 20 a gidajen jama'a.

Abin da ya ƙara wa ƙaho daraja a nan shi ne addini. Hadisai sun tabbatar da cewa an yi wa Annabi (SAW) hijama, ya kuma biya wanda ya yi masa. Wasu ruwayoyi sun ambaci ranakun 17, 19 da 21 ga wata. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi yake karantawa a ƙasar nan, ta yaba hijama, ba ta kuma karhanta ta ga mai azumi ba sai in ana tsoron ya galabaita. Daga nan ne masu hijama na birane irin su Maradi da Kano, da kofunansu na roba da famfon zuƙa, suka samo hujjarsu. Kayan sun sake, aikin dai shi ne na wanzami.

3. Mataccen jini

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurinmu ita ce: mene ne jama'a suke ganin ƙaho yana fitarwa? Amsar da ake ji ko'ina ita ce mataccen jini. A wannan fahimta, jini yana iya kwantawa a wuri guda saboda wahala, faɗuwa, duka ko shigar sanyi. In ya kwanta sai ya mutu, ya yi baƙi, ya yi nauyi, ya danne jijiya. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi ya fitar da littafinsa a kan maganin Hausawa a 1988, ya nuna irin matsayin da jini yake da shi a tunanin lafiya na Bahaushe, da yadda ake ɗaukar cuta abu ce mai shiga jiki ta sami wurin zama. Abin da ya shiga kuwa ana iya fitar da shi. Ƙaho yana da wata fa'ida da ƙwayar magani ba ta da ita: majiyyaci yana ganin cutarsa da idonsa, gudaji baƙi ƙirin a cikin kasko.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kalmar jijiya, don ita ce tushen rashin fahimta da yawa a gidan likita. Abin da Faransanci ya raba uku, watau nerf, veine da tendon, Hausa ta tara shi a kalma ɗaya, sau da yawa ma har da tsokar da ta ƙage. Majiyyacin da ya ce jijiyarsa ta ɗaure ba ya bambanta hanyar jini da igiyar nama. Saboda haka maganar cewa jini ya tsaya a jijiya ya sa ta ɗaure, magana ce mai tsari a cikin harshen, ko da yake idan aka juya ta zuwa Faransanci sai ta wargaje. Mai fassara tsakanin lokotoro da majiyyaci yakan zaɓi ma'ana ɗaya ya watsar da sauran, kowannensu ya tashi yana zaton an fahimce shi.

Ilimin jiki bai yarda da mataccen jini ba. Tun 1628 William Harvey ya nuna cewa jini zagayawa yake yi. Babban mutum yana da wajen lita 5, kuma zuciya tana tura kusan wannan adadi a minti ɗaya ko yana hutawa. Jinin ƙaho yana yin baƙi ne don ya fito daga ƙananan hanyoyi bayan nama ya shanye iskar da ke cikinsa, ya kuma daskare a cikin ƙahon. Da za a kafa ƙaho a bayan mai cikakkiyar lafiya, irin wannan gudajin za a samu. Shatar da ke saura a fata na kwanaki kuwa ƙananan hanyoyin jini ne suka fashe saboda ƙarfin zuƙa.

Amma rushe bayanin ba ya rushe sauƙin da mutane suke ji. A 1965 Melzack da Wall (wani Wall ne dabam, Patrick) sun kawo ra'ayin cewa saƙon taɓi da na matsi suna iya tare wa saƙon ciwo hanya a lakar gadon baya. A 1979 Le Bars da abokan aikinsa a Faransa sun nuna cewa sabon zafi a wani sashe na jiki yana dushe zafin da ke wani sashe. Zuƙa da tsaga suna iya aiki ta waɗannan hanyoyi. Sai dai irin wannan sauƙi na ɗan lokaci ne, ba ya taɓa asalin ciwon.

4. Abin da gwaji ya nuna

An gwada ƙaho mai tsaga a ƙasashen Musulmi. A Iran, Farhadi da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwaji a kan masu ciwon baya 98 a 2009. A Saudiyya, AlBedah da nasa sun yi a kan mutum 80 a 2015. A duka biyun waɗanda aka yi wa ƙaho sun ce ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda ba a yi wa ba. Matsalar ita ce kowane majiyyaci ya san ɓangaren da yake, kuma mutumin da ya ɗauki hijama sunna ce, aka yi masa, ba zai auna ciwonsa kamar wanda aka hana ba.

Don kauce wa wannan ne wasu suka ƙirƙiro ƙahon ƙarya: kofi mai ƴar huda wadda iska take komawa ta cikinta, a manna shi da filasta. A Jamus, a 2016, Lauche da abokan aikinta sun gwada haka a kan mutum 141 masu ciwon tsokar jiki duka. Ƙaho ya fi kulawar yau da kullum, amma bai fi ƙahon ƙarya ba. A Barazil, a 2021, Almeida Silva da nasa sun yi wa masu ciwon baya 90 na tsawon mako 8, ba su ga bambanci tsakanin na gaske da na ƙarya ba. Wajibi ne mu lura cewa waɗannan biyun ƙaho ne marar tsaga, irin wanda duniya ta gani a kafaɗar ɗan ninƙaya Michael Phelps a wasannin Rio na 2016. Tsaga tana da wuyar kwaikwayo, shi ya sa irin na wanzami bai sami wannan awo mai tsanani ba.

A ganinmu, babban kaso na sauƙin yana fitowa daga abin da ke kewaye da ƙahon: hannun da ya taɓa wurin ciwon, wanzamin da aka sani tun kakanni, hutun yini ɗaya ko biyu. Bugu da ƙari, mutum yakan nemi wanzami ne lokacin da ciwo ya kai maƙura, ciwon baya kuwa bisa ɗabi'arsa yakan lafa bayan ya tsananta. Wanda aka yi wa ƙaho da kaka, bayan an ɗaure damman hatsi, ya kuma daina duƙawa. Jagorar da OMS ta fitar a 2023 a kan ciwon baya mai daɗewa ta fi ba da ƙarfi ga motsa jiki, tausa da ilmantar da majiyyaci, ta kuma yi hani ga magunguna dangin tramol. Wannan hani yana da nauyi a nan, inda ƙwayar take yawo a faranti a kasuwanni. Idan aka gwama ta da ƙaho, ba ƙaho ne ya fi ɓarna ba.

5. Inda haɗarin yake

Haɗari na farko yana ga aska da ƙahon kansa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, ta kuma fi ta sida saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Nijar tana cikin ƙasashen da cutar ta yi yawa, kuma sai a 2008 aka shigar da rigakafinta cikin allurar jarirai. Ke nan masu zuwa ƙaho yau, watau magidanta da dattawa, su ne waɗanda allurar ba ta riska ba. Sabuwar reza ga kowane mutum ta rage matsalar aska, amma ƙahon yana nan, cikinsa da kaushi, kurkura da ruwa ba ta isa ba sai an wanke an tafasa. Shi ma wanzami, da yake zuƙa da baki, bai tsira ba. Ga mace mai ciki, da mai ƙarancin jini, da mai amosanin jini, da mai ciwon suga wanda rauninsa ba ya saurin warkewa, ƙaho mai tsaga bai dace ba sam.

Haɗari na biyu shi ne jinkiri, don ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. Tarin fuka yana cin ƙashin gadon baya har ya kai ga ƙusumbi da shanyewar ƙafafu. Ciwon ƙoda ma a kwiɓi yake bayyana. Gundumar Gidan Runji ta ga misali mai ɗaci a Tsibiri, inda ruwan famfon da aka fara sha a 1985 yake ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da iyakar miligiram 1,5 a lita da OMS ta gindaya, har ɗaruruwan yara suka sami lanƙwasar ƙashi, abin da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta yi rahoto a kansa a 2002. Ciwon ƙashi irin wannan a rijiya asalinsa yake, babu ƙahon da zai kai gare shi.

A ƙauyukan Gidan Sori wanzami yakan riga ma'aikacin gidan likita ganin bayan majiyyaci tsirara. Alamomin da ya kamata su sa ya mai da ƙaho cikin zabira ba su da yawa, kuma ana iya koyar da su da Hausa cikin zama ɗaya ta hannun Sarkin Aska: rama ba dalili, zazzaɓi da gumin dare, ƙullutu a kan ƙashin baya, ciwon da ke tsananta in an kwanta, mutuwar ƙafa, da kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Mai ɗaya daga cikinsu asibitin gunduma ya kamata a nufa da shi, a Gidan Runji, ko kuma a wuce da shi Maradi.